Mai Keke Mace Ne

Makon jiya maƙwabcinmu ya kira mai fenti ya rubuta masa allon shago. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai warin fentin da aka sirka da kananzir ya tsallako katanga ya same ni. Na ajiye faifan. Duk wanda ya tashi a gidan mai zane ya san wannan wari, yana kama maƙogwaro, yana bin tufafi, wani lokaci har a tuwo kakan ji shi. Ni kuwa ba ƙuruciya kaɗai yake tuna mini ba. Wani haushi yake tono mini wanda na daɗe ina ɗauke da shi, kuma in gaya maka gaskiya, mai karatu, har yau bai gama hucewa ba.

A unguwar Rikoto, cikin Zuru, na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. Yaye aka kai ni wurinta, ta ƙi mayar da ni, iyayena kuma ba su iya ja da ita ba. Mu huɗu ne a gidan: Kaka, da kawuna mai zane, da ɗiyarsa wadda take taubashiyata, sai ni. Uwar taubashiyar tawa ta rasu tun yarinyar tana rarrafe, don haka Kaka ce ta goya mu duka biyu, tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Tazarar shekarun da ke tsakaninmu ba ta taka kara ta karya ba, amma in ka gan mu ba za ka ce jininmu ɗaya ba. Ita fara ce siririya, mai manyan idanu, in ta yi murmushi kumatunta su lotsa. Ni baƙa ce wuluk, gajeriya, da ƙwauri irin na masu ɗauko dawa daga gona, gwiwoyina ba sa rabuwa da tabo. Baƙi in sun shigo sai su ce da ita amarya, ni kuma su dube ni su ce wannan kam soja ce, a yi ta dariya. A Zuru a kira ka soja ba zagi ba ne, kusan kowane gida akwai mai kaki. Amma na san ba irin yabon da ake yi mata ba ne.

Bari in gaya maka yadda Kaka take Hausa, don a nan maganar take. Harshenta C'lela ne, da shi ta tashi a ƙauyensu can wajen Manga, Hausa kuwa a kasuwa ta tsince ta bayan ta girma. Tana jin komai, tana ciniki, tana faɗa, zagi ma ta iya shi tsaf. Abu ɗaya ne ya gagare ta, raba mace da namiji. Kowa a bakinta "shi" ne, kowane ɗa kuma "yaro" ne. "Kai, zo nan," haka take kirana. Sai ta ce maƙwabciyarmu ya haihu, kaza ya yi ƙwai, uwata ya aiko da gaisuwa. In muka yi mata dariya sai ta ce su a yarensu ba su da wannan wahalar, mutum mutum ne, Hausawa ne suka ɗora wa kansu aiki. Tsofaffi da yawa a wajenmu haka suke magana. Kunnenmu ya saba, mukan gyara a zuci ba tare da mun ma lura ba.

Kawu a zaure yake aikinsa. Allon shago, rubutun bayan mota, sunan coci, sunan makarantar Islamiyya, har "an hana fitsari a nan", duk hannunsa ne. Yana da wani baƙin keke mai sanda a tsakiya da yake kai wa mutane aikinsu. A kan wannan keken na koyi tuƙi, ba da izininsa ba da farko. Ƙafata ba ta kai daga kan sirdi, sai in zura ta ta ƙarƙashin sandar, in karkace jiki, in yi ta zagaya unguwa har ya aiko a kamo ni. Feda ta taɓa yankata a ƙwaurin hagu, tabon yana nan har gobe. Taubashiyata kuwa ko ƙararrawar keken ba ta taɓawa, ta ce yana ɓata zane.

Kusa da kasuwa akwai wani Ibo mai shagon littattafai da kayan makaranta. Ya daɗe a garin, Hausarsa ta fi ta Kaka daidaita, ko da yake shi ma yakan kauce. Igiya yake ɗaurawa daga wannan ƙusa zuwa waccan, ya jera littattafan labari a kai da abin shanya, bangonsu yana kallon titi. Idan an tashi makaranta nan nake tsayawa. Na haddace waɗannan bangaye kamar karatun allo. Duk macen da ke kai fara ce, kuma a zaune take. Ko ta yi tagumi, ko hawaye na gangara mata, ko ta leƙo daga bayan gyale tana jin kunya, ga furanni kewaye da ita. Namiji kuwa a tsaye yake, da makullin mota a hannu, ko ƙwallo a ƙafa, ko tocila yana haska ƙofar kogo, idonsa yana can nesa inda abin yake faruwa. Na Turancin ma haka, in an sa yarinya to tana bayan yaron ta rufe baki da hannu. 'Yan ajinmu maza ba sa taɓa littafin da ke da mace a gaba, sai su ce na mata ne. Ni kam duka nake karantawa, wanda na samu aro. Ban taɓa ganin mai kama da ni a kan igiyar nan ba, kuma abin bai dame ni ba a lokacin. Na ɗauka waɗanda ake zanawa wani jinsi ne daban da aka halitta don haka.

Wata shekara, a ƙarshen damina, wani malamin sakandare ya shigo zauren Kawu da tarin takardu da aka buga da tafireta. Labari ya rubuta don matasa, da Hausa, za a kai birni a buga shi littafi, yana son Kawu ya zana masa bango. Kawu ya karɓa da murna, don ba a taɓa ba shi irin wannan aikin ba. Matsalar ita ce, mutumin nan ya iya zana harafi kamar inji, amma ka ba shi shafi biyu ya karanta sai hamma. Da malamin ya tafi sai ya miƙo mini takardun, ya ce in karanta wa Kaka, shi zai ji labarin daga baya.

Lokacin cire gyaɗa ne. Da la'asar Kaka takan zauna a gindin mangwaro da tulin gyaɗa a gabanta tana tsigewa, ƙasa ɗanya tana ƙamshi, ni kuma ina gefe da takardu a cinya. Taubashiyata takan saurara kaɗan, sai ta ce kanta yana ƙaiƙayi, ta tafi kitso. Labarin wata yarinya ce a wani ƙauye. Maciji ya sari ƙanenta a gona ranar da duk mazan garin suka tafi gayya. Ta ɗaure masa ƙafa, ta goya shi da zanen uwarta, ta ɗauki keken ubanta ta nufi asibitin Zuru. A hanya ta tarar rafi ya kawo, ta ɗaga keken ta ratsa ruwan da goyonta a baya. Malamin har cewa ya yi baƙa ce mai ƙarfi, wadda ake wa faɗan hawan itace. Da na kai wurin nan sai na sake karanta layin. Wallahi ji na yi kamar mutumin nan ya laɓe a bayan danga yana kallona ne ya rubuta. Kaka ma ta bar tsigar gyaɗa, ta kasa kunne har na kai inda likita ya ce yaron zai rayu. Sai ta girgiza kai ta ce, "Ya yi ƙoƙari. Yaron nan ya yi ƙoƙari."

Abin da ya faru bayan haka ba a gabana aka yi ba, daga baya na haɗa shi. Wata safiya muna makaranta Kawu ya shigo ya tambayi Kaka labarin me ke cikin takardun nan. Ta ba shi tas, da Hausarta. Wani yaro ya goya ƙanensa, ya ɗauki keken ubansa, ya ratsa rafi. Kawu ya ce to madalla, ya koma zaure.

Ranar Asabar, Kaka ta tafi gona, ya kira mu mu biyu. Ya kafa keken a kan jak ɗinsa a tsakar gida, ya sa na goya matashin kai da zane, ya ce in hau in miƙe tsaye a kan feda, in sunkuya gaba kamar ana bina a guje. Na hau. Ban tambaye shi komai ba, ai a wurina maganar a fili take. Rana ta ɗago, gumi ya jiƙa mini riga, cinyoyina suna kyarma, amma ko motsi ban yi ba. Yana ce mini in huta, ina cewa ban gaji ba. Da ya gama da ni sai ya sa ɗiyarsa ta saka kayanta na fita, ta shafa kwalli, ya zaunar da ita a kan kujera 'yar tsuguno, ya ɗauki hannunta da kansa ya dafa mata a haɓa, ya ce ta dubi ƙasa. Na yi mata dariya har da riƙe ciki. Na ce ita ce gwaggon da aka bari a gida tana jiran labari. Ta murguɗa baki ta ce oho, ai ubanta ne mai zanen. Kawu ya lulluɓe aikin da tsumma kamar yadda ya saba, don ba ya yarda a ga abin da bai gama ba.

Ranar Litinin babu wanda bai ji ba a makaranta. Na gaya wa 'yan ajinmu, na gaya wa mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa, har malamar lissafi da ba ta dariya na tare ta na gaya mata za a ga hotona a bangon littafi, a kan keke. Aka yi girbi, aka ɗaure dawa, aka cika rumbuna, littafi bai iso ba. Kullum sai na bi ta shagon nan. Tun daga nesa mai shagon zai ɗaga mini hannu ya ce ƙanwata, bai zo ba tukuna. Sai da zafin bazara ya kankama, mangwaro ya nuna, sannan wata rana na hango 'yan makaranta sun yi cincirindo a ƙofar shagon.

Na kutsa. Yana nan a tsakiyar igiya, sabo fil, yana sheƙi. Fuskar taubashiyata ce ta cinye fiye da rabin bangon. Ya ƙara mata haske, ya ƙara mata tsawon gira, ga tagumi, ga wani hawaye ɗaya da ya ɗora mata a kunci wanda ba ta yi ba. Can baya, ƙarami, kusa da gefe, ga wani yaro da hula da gajeren wando a kan keke, da goyo a bayansa. Na daɗe ina kallon yaron nan. Ƙafafuna ne. Ga tabon feda a ƙwaurin hagu, Kawu bai manta da shi ba, mutum ne mai lura. Ga yadda nake lanƙwasa wuyan hannu in na riƙe kan keke. Jikina ne tun daga wuya har tafin ƙafa, sai ya yanke kaina ya ɗora na wani namiji da babu shi a duniya.

Wata 'yar ajinmu ta tambaye ni, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai ina nake a ciki. Wani ya nuna tabon, aka fashe da dariya. Daga ranar sunana ya koma ɗan keke, wasu har su rusuna su ce mini barka da zuwa, malam.

Taubashiyata kuwa gari ya ɗauka. Mai shago ya ba ta littafi ɗaya kyauta, ya ce ita ce ke jawo masa mutane. A wurin injin niƙa mata suna nuna ta, su ce ga yarinyar littafi. Malamai suna kiranta ofis don baƙi su gan ta. Samari masu shekarun yayyenmu suna rage tafiya in mun wuce. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ko shafi ɗaya ba ta karanta ba. Ba ta san akwai maciji a ciki ba. Wata rana na ji wata mata tana tambayarta me ya sa yarinyar take kuka, ta ce wai saurayinta ne ya yi tafiya. Na kusa haɗiye harshena.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙyashi ya kama ni har ina jin sa a haƙori. Na daina cin abinci kwano ɗaya da ita, na ce tana cika sa hannu a miya. In mun kwanta in juya mata baya. In ta yi kwalliya in ce janbakin ya yi mata yawa. Da ƙurajen zafi suka feso mata a goshi, Allah ya gani, daɗi na ji. Wasan taubasai da muke yi da, na zagi da dariya, ya koma zagi zalla daga wajena. Ita kuma ba ta ma fahimci abin da ke damuna ba, kuma wannan ya ƙara ƙona ni. Sai ta ce ai ni ma ina ciki, ga ƙafata nan.

Na samu Kawu a zaure yana wanke buroshi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na tsaya a kansa na ce mai keken nan mace ce, haka aka rubuta. Ya ɗago da mamaki na gaske. Ya ce ai Kaka ce ta ce masa yaro. Na ce, Kawu, kai ne ɗanta, ka fi ni sanin Hausarta, da ta ce maka uwata ya aiko da gaisuwa ai ba ka ɗauka ƙanwarka ta zama namiji ba. Ya sosa ƙeya da gindin buroshi. Can ya ce, "To, keke ne fa, da goyo, a cikin ruwa. Wa zai kawo mace a ransa?" Na tambaye shi to ita wadda ke gaban wace ce a labarin. Ya ce babu kowa, mai shago ne ya ba shi shawara, wai littafin da ba shi da kyakkyawar yarinya a bango sai ya tsufa a kan igiya.

Ka ga inda abin yake. Kullum a gidan nan Kawu yana gyara Hausar uwarsa a zuci, sau nawa a yini, bai taɓa kuskure ba. Ta ce kaza ya yi ƙwai, bai taɓa zuwa neman zakara ba. Sai ranar da ta ce ya hau keke, ranar ce kaɗai bai gyara ba, don ya riga ya san wa ke hawan keke tun kafin ta buɗe baki. Malamin da ya rubuta labarin ma da ya zo, dariya ya yi. Ya ce ya lura tun da aka kawo masa zanen, amma ya yi kyau, masu bugawa kuma suna jira. Ya shafa kaina ya ce ai cikin bai canja ba.

Duk wannan Kaka ba ta ga littafin ba. Ba ta zuwa wajen shagon, kuma ina jin Kawu ya so a bar shi haka. Taubashiyata ce da kanta ta kai mata wata yamma, tana rawar jiki, ta ce Kaka dubi. Kaka ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta miƙa shi nesa da fuskarta don idonta ya fara rauni. Sai na ga fuskarta ta canja.

A wajenmu yaro ba ya tagumi. In babba ya gan ka sai ya buge hannun, ya tambaye ka wa ya mutu maka. Zaman wanda ya rasa uwa ne, ko wanda ba shi da kowa. Tun da uwar yarinyar nan ta rasu Kaka take gadin haɓarta. Ko barci take ji ta dafa kunci, sai Kaka ta taso daga murhu ta cire hannun, ta ce a gidanta babu maraya. Ni ina yin tagumina yadda na ga dama, ba ta cika kula ni ba, amma ita ko sau ɗaya ba a bari.

Ta ƙwala wa Kawu kira. Ya shigo da fenti a hannu ya tsuguna. Ta yi masa magana mai tsawo da C'lela, ƙasa-ƙasa, irin wadda ba a so yara su ji. Sannan ta juya Hausa don mu ji.

"Tun yana ƙarami nake cire hannun nan daga haɓarsa. Kai ka mayar, ka sa masa hawaye, ka raba wa gari."

Kawu bai ɗago ba. Ta sa ɗan yatsa a kan yaron da ke baya ta tambaya wane ne wannan kuma. Ya ce shi ne yaron labarin, wanda ta gaya masa.

"Ni na ce maka namiji?" in ji ta. "Mai keke mace ne."

Ta miƙo hannu ta kamo wuyan hannuna ta jawo ni gabansa. "Ga shi nan."

Babu wanda ya yi wa Hausarta dariya ranar. Kawu ya ce a hankali ba ya gyaruwa, an riga an buga, an raba har garuruwan da bai sani ba. Sai muka ji sheshsheƙa. Taubashiyata ce. Ita duk tsawon lokacin nan kyakkyawa ta ɗauka ake gani, ba ta taɓa kawowa marainiya aka rataya a igiya ba. Ta yi kuka na gaske, ba irin na bangon ba, da majina da komai, tana kiran uwar da ba ta sani ba. Kaka ta saki hannuna, ta jawo ta ta ɗora a cinya, ƙatuwar budurwa, tana jijjiga ta tana yi mata waƙa da yarensu. Ni ina tsaye a inda aka bar ni. Na tausaya mata, ba zan ce ban tausaya ba. Amma ko a nan sai da zuciyata ta ce, ka gani, bangon nata, cinyar ma tata.

Washegari Kaka ta sa reza ta yanke bangon a hankali, ta kai shi ƙasan akwatinta ta danne da zannuwa. Sauran littafin ta miƙo mini haka nan tsirara, ta ce kai ne mai karatu, riƙe. Na karanta shi har ya rabu shafi-shafi. Kawu bai ƙara karɓar aikin bangon littafi ba, kuma bai taɓa ba ni haƙuri ba, ba a yin haka a zamaninsu. Sai dai ya sauke sirdin keken ƙasa yadda ƙafata za ta kai.

Yau Kaka da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. Taubashiyata tana Wasagu da mijinta da 'ya'yanta, tana sarin hatsi, in tana ciniki daga wancan layin kasuwa kana jin muryarta. Waɗanda suka aure ta a zuci saboda shirun da suka gani a bango, da sun sha mamaki. Ni kuma ina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Zuru. Bara aka kawo mana littattafai a kwali don ɗakin karatu, sai na ga sunan labarin nan a jikin kwalin, ashe an sake buga shi. Mace da furfura, amma da ɗoki na yage salatif ɗin kamar yarinya. Na ce yanzu kam duniya ta waye, mata suna tuƙa babur a garin nan, ai an gyara.

Da kwamfuta aka yi sabon bangon. Wata yarinya ce da ba 'yar ko'ina ba, fara tas, da dogon hanci da gashin ido kamar tsintsiya. Hawayen yana nan inda Kawu ya ajiye shi. Yaron da ke baya kuma an ɗora shi a kan babur, alhali babu babur ko ɗaya a labarin. Na ɗauki waya na kira taubashiyata don in yi mata albishir an cire ta. Ta saurare ni har na gama, ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta, sannan ta ce, "To, an cire ni. Ke fa, an sa ki?" Ta bushe da dariya. Na ce mata katina ya ƙare, na kashe.

Da na raba wa 'yan ajina littafin, mazan suka ture shi gefe suka ce na mata ne. Matan ma suka yatsina fuska, wata ta ce ita ta gaji da labarin masu kuka. Sai na ce kowa ya nemo takardar buhun siminti ya naɗe nasa, kamar yadda ake yi mana da, wai don kada ya yage. Haka muka karanta shi, babu fuskar kowa a gaba. Da muka kai wurin rafi ajin ya yi tsit, har mazan da ke baya.

Bayan 'yan kwanaki ina zagayawa tsakanin tebura sai na ga littafin wata yarinya, ɗiyar makiyaya da ke zuwa daga rugarsu a bayan gari, doguwa, ba ta cika magana ba. A kan takardar simintin ta yi zane da biro. Yarinya ce ta cusa zane a ƙugu, da goyo a baya, ta ɗaga keke sama, ruwa ya kai mata cinya. Hannun ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tayar keken ba ta zagaye sosai ba. Amma kitson na ɗalibar tawa ne, tsagar fuskar ma tata ce. Na tambaye ta wa ya ce ta zana. Ta dube ni kamar ba ta gane tambayar ba, ta ce, "Ai haka yake a ciki, Malama."

Na ce mata ya yi kyau, kuma ya yi kyau ɗin. Na koma gaban allo na ɗauki alli, na daɗe a tsaye ban rubuta komai ba. Biro muna da shi a zamaninmu, takardar siminti ma tana nan birjik a zauren Kawu, littafin kuma tsirara aka ba ni. Ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Ga ni nan, uwar wasu, malamar aji, ina ƙyashin 'yar yarinya, don ita ba ta jira kawun kowa ya zana ta ba.